Mai Gadin Lambu

Shekara goma sha ɗaya ina gadin mangwaron Alhaji Mati,
ni da ɗanƙo da gwangwani cike da tsakuwa,
a lambun bakin dam ɗin Ajiwa.

Magariba na yi su keto daga rimin tsohuwar maƙabarta,
kamar an kaɗe toka daga murhun sama,
in yi ta harbi ina zagi har maƙogwaro ya bushe.
Nawa na kashe? Ban ƙirga ba.
Wa ke lissafin ɓarawo bayan faɗuwa?

Bana sai ga wata yarinya, Kubura, daga motar jami'a,
da raga mai laushin gemun masara,
da safar hannu, da fitila ɗaure a goshi.
Ta ce, "Baba Lawandi, ara mini darenka uku."
Na ce, "Ɗauki, ba ni na saye shi ba,
amma baƙin naki ba su san gaisuwa."

Ashe ba iri guda ba ne.
Ni duk jemage nake cewa,
kamar mai kiran kowane hatsi dawa.

Ga babba, wuya rawaya, fuska ta ɗan kwikwiyo,
wanda ke zuwa dubu-dubu in damina ta kawo kai.
Ga ƙarami mai farin gashi a gindin kunne,
shi ne mai ƙyal-ƙyal ɗin nan cikin bedi
da na ɗauka aljanu ke ƙira, dare ba hutawa.

Ta sa shi a jaka ta rataya a sikeli,
ta buɗe fiffike a gaban fitila
yadda mata ke duba atamfa a kasuwar Charanchi,
tana neman huji, tana neman kaska,
ta goga auduga a baki, ta rufe a kwalba,
ta ba shi ruwan sukari, ta ɗaga hannu,
ya tafi bai ko waiwaya ba, ɗan rashin godewa.

Wani ya zo a rame, ƙashin ƙirji kamar wuƙa.
Ta daɗe tana kallon sa.
"An sare baure, an sare kanya, an yi gawayi.
Mai yunwa shi cuta ke fara kamawa,
kuma shi ke biyo ku har cikin gida.
Wanda suka gatsa, kada yara su tsinta,
mushensu kuma a tura da sanda a rufe."
Na tuna jikokina da asuba a ƙarƙashin bishiya,
na yi shiru, ban iya amsawa.

Dare na uku mace ta faɗo,
ɗa manne a ƙirji, ya kama nono bai saki ba.
Hancinta duk gari, kamar ta faɗa a kwaryar kurkum.
"Ka san inda ta yi wannan kwalliya?
Jan furen nan mai lilo kamar tuntun hula,
da dare yake zubo zaƙinsa, ƙudan zuma na barci.
Ita ke kai saƙo daga wannan zuwa waccan,
in ba ta je ba, da wuya ki ga kalwa," 
ta ce, ta gyara, "ka ga kalwa a ɗorawa."

Kalwa!
Tukunyar da ke tafasa a gidana tun kafin in yi furfura,
warin da maƙwabta ke tsegumi su kuma aiko da kuɗi,
kuɗin makarantar Sagir, da maganin ƙafata,
duk daga hannun Tabawa,
duk daga daddawa.
Shekara goma sha ɗaya ina jifar ɗan aiken matata
da dutsen da na zaɓo da kaina a bakin ruwa.

Motar ta tafi ranar Talata.
Alhaji bai daina ƙirga mangwaro ba,
ni ma ban daina kaɗa gwangwani ba, ai aikina ne.
Robar ɗanƙon dai na ɗaure buhu da ita a keke.
Jikin katanga, inda suke zubar da kashi,
wani ɗan baure ya tsago, ganye huɗu.
Alhaji ya ce in cire.
Na ce to. Kullum ina mantawa.